Kalmar Hutu a Cikin Littafi Mai Tsarki na Hausa

A cikin 1900 waɗansu Turawan Mishan, su Bishop Tugwell da Likita Miller, suka iso birnin Kano, amma Sarki Alu bai yarda su zauna ba. Suka koma ƙasar Zazzau, inda Likita Miller ya daɗe yana aikin fassara. A 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki dukansa da Hausa. Har yau majami'un Kano galibinsu a Sabon Gari suke, bayan ganuwa, amma littafi ba ruwansa da ganuwa. Duk wanda ya yi yaƙi da jahilci yana iya buɗe shi, ya ga abin da maƙwabtansa suka gaskata. To, akwai kalmomi biyu a ciki waɗanda sukan sa mai karatu tuntuɓe.

Ta fari ita ce Asabar. Ga mutumin birni Asabar sunan rana ne kurum, ana cin Kasuwar Kurmi a cikinta kamar kullum. Amma asalin kalmar daga Larabci ne, as-Sabt, 'yar'uwar Shabbat ta Ibrananci, ma'anarta kuwa dainawa. Waɗansu fassarori suna cewa Asabar, waɗansu Asabbaci. Ta biyun ta fi dacewa, gama tana raba ranar tsarki da ranar kasuwa. Galibin Kirista kuwa ran Lahadi suke taruwa, don sun gaskata a ranar ce Yesu ya tashi daga matattu, kuma a shekara ta 321 Sarkin Rum Kustantin ya mai da ita ranar hutu bisa doka.

Ta biyu ta fi nauyi, watau hutu. Littafin Farawa ya nuna Allah ya yi halitta cikin kwana shida, ya huta a na bakwai. A Hausa kuwa sai wanda ya gaji ke hutawa. Almajirin da ya karanta Suratu Ƙaf ya san an faɗa cewa gajiya ba ta shafi Ubangiji ba, saboda haka da ya ga wannan sai ya rufe littafin. Nan fassara ta gaza. Kalmar Ibranancin tana nufin ya dakata don aiki ya kammala, kamar yadda marini kan tsame hannu in tufa ta rinu. Littafin Ishaya ma, a sura ta 40, ya tabbatar Allah ba ya gajiya. Da an ce ya daina aiki, da an rage gardama mai yawa.

Amma a wani wurin kalmar ta zauna daram. A Maimaitawar Shari'a, sura ta 5, an umarta bawa da baiwa da baƙo, har sa da jaki, su huta tare da maigida. Ashe hutun ba na mai dukiya kaɗai ba ne, hakkin ɗan dako ne da yaron kanti. Yesu kuma, a Markus sura ta 2, ya koyar cewa don amfanin mutum aka kafa ranar. A Matiyu sura ta 11 ya kira masu fama da kaya su zo gare shi su sami hutawar rai. Bahaushe ya riga ya san hutun jaki da kaya a ka. Haka yake ga wanda ya rufe shago amma bashi da hassada da tsoron gobe suna kansa. Hutun da Kirista ke nufi shi ne sauke wannan kaya ta wurin dogara ga Allah.

Musulmin birni ba zai rasa gane wannan ba, ko da yake Jumma'a ba Asabbaci ba ce, gama Alƙur'ani ya ce a bar ciniki in an kira salla, in an idar a watsu neman arziki. Hanyoyin sun bambanta, amma duka biyu suna tuna wa ɗan Adam cewa ba wayonsa ke ci da shi ba. Masu fassara sun yi ƙoƙari, sai dai kalma ɗaya ba ta ɗaukar ma'ana biyu ba tare da bayani ba. Wanda ya karanta a tsanake zai fahimci maƙwabcinsa, rashin sani kuwa ya fi dare duhu.