Bugun Fanareti a Salula: Ƙaramin Wasa Mai Zurfin Dara

Samarin da suka saba da gidajen PlayStation a Dogon Dutsi da Yamai suna raina ƙananan wasannin ƙwallon da ake buɗewa kai tsaye a intanet ba tare da an sauke komai ba. Wai hotonsu ba kyau, babu sunayen manyan 'yan wasa, aikin yara ne. Wannan hukuncin mai kallon ado ne. Duk wanda ya zauna a fadar samari a Dogon Kiriya, shayi na kan wuta, salula guda na zagaya hannu biyar, ya san akwai abin da ya kuɓuce wa masu rainin.

Da sauƙi aka faro harkar tun asali. Pong, wanda kamfanin Atari ya fitar a 1972, sanda biyu ne da ɗigo ɗaya. A 1997 Nokia ta sa wasan maciji a wayoyinta. Daga nan manhajar Flash ta cika intanet da dubban ƙananan wasanni, har aka rufe ta a ƙarshen 2020, fasahar HTML5 ta gaje ta. Wannan gadon ne ya iso salular mutumin Arewa.

Wanda na fi so a cikinsu shi ne bugun fanareti. Allo ba ya nuna komai sai raga da gola da ƙwallo. Ka ɗora yatsa, ka ja, ka saki. Amma a jan nan guda an yanke shawara uku: gefen da za a nufa, ƙarfin bugun, da lanƙwasar da za a ba ƙwallon. Ka ja da gaggawa ta haye saman raga. Ka ja da sanyin jiki gola ya rungume ta. A fili na gaske tazarar mita 11 ce, faɗin raga kuwa mita 7.32, don haka gola ba shi da lokacin jiran ganin inda ƙwallo ta dosa, tilas ya zaɓi gefe ya faɗa. Wasan salula ya riƙe wannan ƙashin bayan, ya zubar da sauran tarkace.

Daɗin yana fitowa ne idan mutum biyu suka kara, bugu biyar-biyar, wannan ya buga wancan ya tsare. Bugun farko ka aika dama ka ci. A na biyu abokinka yana tsammanin za ka sauya, kai ma ka san da tsammaninsa, sai ka sake dama. Kafin a kai na huɗu an daina wasa da yatsa, zuciyar juna ake karantawa. Mai ƙarfin hali shi ke sakin ƙwallo a hankali ta tsakiya, irin yadda Antonin Panenka ya yi wa golan Jamus ta Yamma a wasan ƙarshe na kofin Turai a 1976. In ta shiga fada ta kaure da ihu, in gola ya tsaya cik ya kama, mai bugun ya sha tsiya har a gama shayi na uku.

A nan nake ganin wasan jikan dara ne. Ramuka 30 a ƙasa, 'ya'ya 12 ga kowane ɗan wasa, doka ta jera uku: yaro zai koya a yini guda, tsoho ya mutu bai ƙure ta ba. Ba wanda ya taɓa raina dara don da tsinke da tsakuwa ake yin ta. Mizanin wasa shi ne yawan tunanin da ƙaramar doka ke haifarwa, kuma a wannan mizanin fanaretin salula ya fi wasanni da dama masu cin batir da kuɗin intanet. A garin da rezo ke zuwa yana ɗaukewa, cajin waya kuma sai an biya, wasan da ke ƙarewa cikin minti biyu a miƙa wa na kusa shi ya dace da zaman jama'a.

Saboda haka matasanmu masu koyon haɗa manhaja su bar mafarkin kwaikwayon wasan FIFA. Ga dara, ga langa, ga kokawar da Nijar ke yi wa gasar takobi tun 1975. Kowannensu yana da ɗan lokacin yanke shawara irin na fanareti, kuma yatsa guda ya isa ya ɗauke shi.