Shin Dutsen Zuma Wurin Yawon Buɗe Ido Ne?

Tun da gidajen rediyo suka riƙe "yawon buɗe ido" a baki, duk inda baƙi ke zuwa kallo ya zama "wurin yawon buɗe ido". Dutsen Zuma da muke hangowa in mun nufi Madalla, haka ake kiransa. Haka ruwan Gurara. Mu dai kalmar ba ta kwanta mana ba, kuma ba ƙin sabon abu ba ne.

A bakin Bahaushe yawo ba abin yabo ba ne. Akwai yawon banza, akwai yawon dandi, wanda ya bar gida babu labari a ce ya tafi yawon duniya. Buɗewar ido kuwa ta fi muni. In aka ce yarinya idonta ya buɗe, ai ba ilimi ake nufi ba, an ɓata mata suna ne wurin manema. To, ka haɗa biyun, ka rubuta wa uba takarda cewa makaranta za ta kai 'yarsa yawon buɗe ido. Me kake tsammani zai ce? Shi ya sa a nan Kurmin Sarki za ka samu yarinya ta san Ladi Kwali a bayan naira 20, amma ba ta taɓa taka cibiyar tukwanen da matar ta shiga a 1954 ba, alhali tana nan cikin Suleja, kuɗin keke napep ne kawai.

Sannan kalmar tana yi wa wurare kuɗin goro. Zuma abin kallo ne, abin al'ajabi, har ya hau naira 100. Mayanka fa? Sunan kansa ya faɗi abin da ake yi a wurin tun garin nan yana amsa sunan Abuja: can ake zartar da hukuncin kisa. Yau samari na zuwa ɗaukar hoto a bakin ruwan, wai wurin shaƙatawa. Wurin tarihi ya kamata a ce, don mai zuwa ya san inda ya sa ƙafa.

Muna da "ziyara" kuma, wadda ake kai wa dangi, da majinyaci, da Hubbaren Shehu a Sakkwato, babu uban da yake jin ɗar da ita. Malaman makarantun unguwa su rubuta "ziyarar ilimi" a takardar iyaye, su bar wa mai zuwa daga Turai da kyamara a wuya yawon buɗe idonsa.