Etosha, Okavango, Chobe: wannan tafiya ta biya kuɗinta

Jama'a masu son daji, duk wanda ya ce muku a jirgin sama ake ganin kudancin Afirka, ku ce masa ya dawo ya hau babbar mota! Irin gingimarin nan nake nufi, mai dogayen tayoyi da faffaɗan tagogi, wadda aka cika cikinta da tantuna da katifu da tukwane da kujerun naɗewa, ta ɗauke ku daga Afirka ta Kudu, ta ratsa Namibiya da Botswana, ta sauke ku a magangarar ruwa ta Biktoriya cikin kimanin mako uku. Ni dai ta sace min zuciya.

Tudun yashin Dune 45 a hamadar Namib yana da kyau, ja wur da hantsi, hawansa kuma sai mai ƙwarin gwiwa. Amma bari in kai ku inda hankalina ya tsaya, wato Etosha. Tun 1907 aka keɓe wannan gandun, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 22,000, a tsakiyarsa kuma akwai wani fili fari fat kamar an shimfiɗa kanwa har iya ganin ido. A sansanin Okaukuejo akwai tafkin da ake haska wa fitila duk dare. Kuna zaune a benci bayan 'yar katanga, kowa ya yi tsit, sai ga baƙin karkanda ya fito daga duhu yana hura hanci, ya tsaya, ya juya kunnuwa, sannan ya tsoma baki. Can gefe raƙumin dawa ya daɗe yana waige-waige kafin ya tale ƙafafun gaba ya sunkuyo da dogon wuyan nan. Wallahi barci ma mantawa ake yi da shi.

Okavango kuwa, tsarki ya tabbata ga Allah! Ruwan sama ne ke zuba a tsaunukan Angola, ya yi watanni yana gangarowa, ya iso Botswana daidai lokacin da rani ya tsananta, ya bazu cikin yashin Kalahari ba tare da ya kai teku ba. A 2014 UNESCO ta sa shi a jerin wuraren gadon duniya, shi ne ma na 1,000 cif. Daga garin Maun ake shiga, a hau mokoro, siririn kwale-kwalen da ake turawa da gora. Ba ƙarar inji, sai shafar ciyawa a jikin jirgi, da furannin bado, da gurnanin dorina can nesa da ke sa gaba ya faɗi. Matuƙan nan gwanaye ne na ƙin ƙarawa, sun san kowace hanyar dorina.

Sai Chobe, gidan giwaye. Botswana ce ta fi kowace ƙasa yawansu, kimanin 130,000, kuma da la'asar a jirgin ruwa daga garin Kasane za ku ga garke guda ya tsunduma kogi, 'yan ƙananan ba a ganin komai nasu sai hanci a sama. Ga ɓauna, ga kada, ga batirin kamara ya ƙare!

Ƙorafi? Akwai ɗan kaɗan. Tashin asubar fari a naɗe tanti cikin sanyin Yuli ba wasa ba ne, ƙurar hanyoyin tsakuwa na Namibiya tana shiga har cikin haƙori, layin kan iyaka kuma yakan cinye hantsi guda. Mai kula da halal ya yi magana da kuku tun ranar farko.

Duk wannan gajiya tana wankewa a Biktoriya, inda kogin Zambezi mai faɗin mita 1,708 ke rikitowa ƙasa mita 108, feshinsa ya jiƙa ku sharkaf. Ku shirya tsakanin Yuni da Satumba, lokacin da namun daji ke taruwa a bakin ruwa, ku ɗauki rigar sanyi mai kauri da madubin hangen nesa, kuma don Allah ku kama kujerar taga.