Da Motar Ba Ta Mutu Ba: Waiwaye Kan 'Dilwale Dulhania Le Jayenge'

Duk wanda ka tambaya abin da ya riƙe a cikin Dilwale Dulhania Le Jayenge, ɗayan biyu zai ce maka: ko dai gonar nan mai furanni ruwan ɗorawa inda Kajol ta rugo ta tarar da Shah Rukh Khan, ko kuwa tashar jirgin ƙasa ta ƙarshe inda Amrish Puri (Mogambo dai, ga waɗanda da wannan sunan suka san shi) ya saki hannun 'yarsa ya ce ta tafi. Dukkansu wurare ne masu daɗi, ba musu. Amma in za a bi ta tawa, ran fim ɗin yana wani waje daban: 'yar tafiyar nan ta mota da Raj da Simran suka yi su biyu a tsakanin ƙauyukan kan tsaunukan Suwizalan, bayan jirgi ya tafi ya bar su.

Fim ɗin ya fito a watan Oktoba na 1995, shi ne na farko da Aditya Chopra ya ba da umarni, mahaifinsa Yash Chopra kuma ya ɗauki nauyi. A sinimar Maratha Mandir ta Mumbai ya cika mako 1,000 ana nuna shi a Disambar 2014. Labarin kowa ya sani. Baldev Singh, mai kanti a Landan, ya yi wa ɗan amininsa da ke Fanjab alkawarin 'yarsa Simran tun tana jaririya. Kafin a kai ta, sai ta roƙi alfarmar wata guda ta zaga Turai a jirgin ƙasa tare da ƙawayenta. Ya ba ta. A wannan jirgi ne ta gamu da Raj, ɗan gata, ɗan iya shege, wanda ya faɗi jarrabawa ubansa ya yi masa biki.

Tun daga Landan har Faris, gaskiya ba abin da ke tsakaninsu sai tsokana da harara, kuma tsokanar Raj ɗin ma wani zubin ta wuce wasa ta koma cin fuska. Muddin suna cikin jirgi, kowa yana da mafaka: ita tana da ƙawaye, shi yana da 'yan amshin shata. Jirgi yana da lokacinsa, yana da layinsa, ba mai karkata shi. Kusan a ce jirgin shi ne Baldev Singh, domin an riga an yanka tikiti, an san inda za a sauka.

Sai a wata ƙaramar tasha, ita ta tsaya sayen ƙararrawar shanu, shi ya tsaya ciniki, jirgin Zurik ya ɗaga. Daga nan fim ya canza numfashi. Raj ya samo mota, ta ce ba ta shiga. Ta tsaya a bakin titi tana neman wanda zai rage mata hanya, sai ga 'yan sanda suna tambayar fasfo, alhali fasfon ya tafi a jirgi. Raj ya iso ya shaida musu matarsa ce. A lura, mai karatu: karon farko da aka kira Simran matar Raj a fim ɗin, ƙarya ce aka shara wa ɗan sanda a gefen hanya, kuma sauran awannin fim ɗin duk fafutukar mayar da wannan ƙarya gaskiya ce. Wannan shi ake kira rubutun labari.

Sannan motar ta mutu. Ni a wurina nan ne darakta ya nuna ya san abin da yake yi. Da ta kai su Zurik lafiya, da an tashi da hoton tsaunuka da tafkuna kawai, irin na kalanda. Da ta mutu sai ƙasar da kanta ta shigo cikin labarin. Nisa ya sa su tafiyar ƙafa. Gidan da suka samu ɗaki ɗaya ne da shi, ta ƙi, ta koma ɗakin ajiye ciyawar dabbobi. Sanyi da dusar ƙanƙara suka ci ƙarfinta har ta kai hannu ga kwalbar barasar da ta ƙi karɓa da farko. Kowane mataki akwai dalilinsa, kuma dalilin daga wurin yake fitowa: tsawon hanya, ƙarancin masauki, sanyin kan dutse. Cire Suwizalan ka sa wani gari mai zafi da otal a kowace kwana, wannan ɓangare ya rushe.

Sai dai kash, a nan ɗin ne kuma fim ɗin ya yi abin da har gobe ba na yafe masa. Da safe Simran ta farka sanye da rigar Raj, shi kuma ya bar ta ta ɗauka an yi aika-aika a daren, sai da ta fashe da kuka sannan ya ce wasa yake, ya ɗora da jawabin cewa shi Ba'indiye ne, ya san darajar 'ya mace. 'Yan kallo da yawa a nan suka fara son Raj. To amma wane irin wasa ne wannan? Yarinya a ƙasar da ba ta san kowa ba, ba fasfo, ba kuɗin kirki, ka tsorata ta da mutuncinta don ka samu damar yabon kanka? Ba don Kajol ta iya kukan ba, har ka ji tsigar jikinka ta tashi, da fitowar ta zama abin haushi zalla. Haka kuma mutanen ƙasar, in ka cire mai kanti da 'yan sanda, kusan ba ka ganin wanda ya buɗe baki. Ƙauyukan yankin Saanen da Zweisimmen da aka ɗauki fim ɗin suna nan tsaf-tsaf kamar an share su don baƙi biyu.

Duk da haka tafiyar ta bar abin hannu. Ƙararrawar nan da ta jawo rasa jirgi, ita Simran ta bari a ƙofar gida ranar da uban ya kwashe su zuwa Indiya, ita Raj ya tsinta, ita kuma ta jiyo tana kaɗawa a wuyan saniya a Fanjab ta gane ya iso. Tsarabar 'yan yawon buɗe ido ce ta 'yan kuɗi kaɗan, amma ta ɗinke rabin fim na farko da na biyu.

Ba Aditya ne ya gano Suwizalan ba. Raj Kapoor ya je can da Sangam tun 1964, Yash Chopra kuma ya mayar da ita gida tun daga Chandni a 1989, lokacin da rikici ya rufe wa masu fim ƙofar Kashmir. Mutanen garin Interlaken har mutum-mutuminsa suka kafa a 2016, saboda Indiyawan da finafinansa suka jawo musu. Abin da ɗan ya ƙara shi ne sa masoyan su taka ƙasar da ƙafarsu a cikin labari, maimakon su bayyana a can cikin mafarkin waƙa.

Don a ga bambancin, a dubi Kuch Kuch Hota Hai na 1998, na Karan Johar, wanda shi ma ya fito a matsayin abokin Raj a Dilwale. Babbar waƙar fim ɗin a Sikotilan aka ɗauke ta: tafkin Lomond, kwarin Glencoe, da tsohuwar fadar dutse ta Eilean Donan da ke kan ɗan tsibiri. Kyau kam ba a magana. Amma wa ya je can a labarin? Ba kowa. Ɗalibai ne a kwaleji a Indiya, kiɗa ya tashi sai ga su a kan ganuwa, kiɗa ya tsaya sun dawo aji. Ga shi kuwa wuraren cike suke da labari. A Glencoe ne a 1692 sojojin gwamnati suka kashe mutanen zuriyar MacDonald kimanin 30, bayan sun shafe kwanaki suna cin abincinsu a matsayin baƙi. Fadar Eilean Donan kuwa jiragen yaƙin Birtaniya ne suka rusa ta a 1719, ta zauna kufai kusan shekara 200, sai tsakanin 1912 da 1932 aka sake gina ta. Ba na cewa a sa darasin tarihi a waƙar soyayya. Cewa nake, a wannan fim labule kawai aka mayar da wurin.

Abin takaicin, irin na Karan Johar ɗin muka fi kwaikwaya. Furodusa zai kwashi jarumi da jaruma da 'yan rawa zuwa Tiga ko duwatsun Jos, a ƙona mai, a biya masauki, a canza kaya kala biyar, a dawo a manna waƙar a tsakiyar labarin da bai taɓa fita daga falo ba. Marubutan littattafanmu ma haka: ango ya ɗauki amarya zuwa wata ƙasa, shafi uku ana lissafa otal da kanti da turare, su dawo yadda suka tafi, ba wanda ya san wani sabon abu game da ɗan'uwansa.

Alhali muna da hanyar da ta fi ƙarfin motar Raj. Daga Serti ka nufi Gembu, ka fara hawan Mambila daga Mayo Selbe, kwana bisa kwana, hazo ya rufe gaba, ga gonakin shayi a Kakara, ga sanyin Nguroje da ke sa Bakano neman bargo biyu. A sa mata da miji a tsohuwar Fijo, auren haɗi, wata uku da ɗaurawa, har yanzu ba ta iya kiran sunansa. A tsakiyar hawan sai lagireto ya tafasa, magariba ta kawo jiki, ruwan da ya rage a motar kuma gora ɗaya ne, wanda ta ajiye don alwala.