Fasali a kan zambon da mawaƙa ke sa wa rigar yabo

Bismillahir Rahmanir Rahimi. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ka sani, ya kai ɗalibi, zancen mawaƙa kashi uku ne: yabo bayyananne, da zambo bayyananne, da na uku mai fuska biyu, zahirinsa yabo, baɗininsa suka. Malaman balaga suna kiransa tahakkumi, watau a ambaci abu ana nufin kishiyarsa domin izgili. Ƙazwini, wanda ya rasu shekara ta 739 ta Hijira, ya kawo shi cikin Talkhisul Miftahi a babin isti'ara. Ɗan'uwansa shi ne ta'aridi, wanda mu Hausawa muke ce wa habaici ko gugar zana.

Ba a gane wannan kashi da lafazi kaɗai, sai da ƙarina: wa ya faɗa, a gaban wa, wane hali mutane suka sani ga wanda aka ambata. Ni da idona na ga wani maroƙi a ƙofar wani attajiri da gari duka ya san shi da rowa. Ya yabe shi da cewa akushinsa kullum a wanke, ƙuda bai san hanyar gidansa ba, rumbunsa bai taɓa raguwa ba. Attajiri ya ji daɗi, ya ba shi riga. Mutane suka sunkuyar da kai suna danne dariya. Ya sayi zagin kansa da dukiyarsa.

Wannan ba sabon abu ba ne. Zamanin Sayyidina Umaru, Allah ya yarda da shi, Huɗai'a ya yi wa Zibriƙanu ɗan Badru baiti, wanda babu ashar a ciki ko ɗaya, sai dai ya mai da himmarsa duka ga ci da sutura. Zibriƙanu ya kai ƙara. Umaru ya kira Hassanu ɗan Sabitu, masanin waƙa, ya tambaye shi. Hassanu ya ce zambo ne mai muni. Umaru ya tsare Huɗai'a. Dubi yadda sarkin Musulmi ya mai da al'amarin ga ma'abota fanni, kuma ya yi hukunci da manufa.

Haka makaɗan fada na ƙasarmu, irin su Narambaɗa a fadar Isa da Musa Ɗankwairo, wanda ya rasu 1991. Suna yabon sarki, sa'an nan su karkata kan ɗan sarkin da ke jayayya da shi, ba su kama suna ba, sai su siffanta shi da dabba ko da wata ɗabi'a, 'yan fada kuwa kowa ya san inda kibiya ta faɗa. Mamman Shata, wanda ya rasu 1999, yana da waƙa mai suna Gagarabadau. Sunan kirarin jarumi ne, abin da ke cikinta zambo ne.

Ta wajen fasaha, mafi kyawun habaici shi ne wanda fuskokinsa biyu suka tsaya daidai, har mai shi ya rasa abin riƙewa ya kai ƙara. Kadan mawaƙi ya sauka ga ashar, to hikimarsa ta ƙare, zama zagi kowane yaro ya iya.

Amma ta wajen shari'a, kyawun lafazi ba ya wanke shi. Kadan masu ji sun gane mutum ayyananne, to izgili ne da giba, waɗanda Suratul Hujurati ta hana, ko ba a faɗi suna ba. Mai amshi da mai dariya suna da rabonsu. Kadan kuwa hali ake suka, kamar rowa da zalunci da kwaɗayi, ba a nuna kowa ba, to yana kusa da wa'azi.

Kada ka ce wannan cutar makaɗa ce su kaɗai. Imamu Gazali ya faɗa cikin Ihya'u cewa mafi munin giba ita ce ta masu karatu masu riya, waɗanda ake ambaton mutum sai su yi masa addu'ar shiriya, nufinsu a san aibinsa. Wannan ma habaici ne, kalangu kawai babu. Ka binciki harshenka a zaure kafin ka binciki na maroƙi a kasuwa.

Allah ya tsare mu daga sharrin harsunanmu. Wallahu a'alamu. Tamat bi hamdillahi.