Masu Zuwa Wurin Wasa Ba Don Wasa Ba

A manyan wuraren shaƙatawa na duniya, irin masu lilo da majaujawa da jirgin nan mai hawa tudu ya gangaro a guje, akan sami baƙon da ya sayi tikiti kamar kowa amma bai zo hawan komai ba. Yara na ihu a sama, shi idonsa na ƙasa. Yana duba agogo yana ƙirga mutum nawa ke fitowa ta ƙofar lilo cikin minti goma. Yana lura da inda mai goyo ta tsaya neman inuwa, da inda wani ya gama cin abu ya shiga waige-waigen kwandon shara. Shi ma mai irin wannan wuri ne a wata ƙasa, gani ya kawo shi. Masu sana'ar sun san juna, ba su kuma ɗauki wannan leƙe abin kunya ba, don yawancin wuraren da suka yi suna da irin wannan tafiya aka fara su.

Mutumin unguwar Briqueterie ta Yawunde ba sai an yi masa dogon bayani ba. Mai tsiren da ya je Kano ko Marwa ya tsaya gaban tukubar wani, ba naman yake kallo ba. Yana kallon tazarar tsinke da garwashi, da lokacin da ake barbaɗa ƙuli, da yadda ake sallamar mutum biyar a tare ba wanda ya ji an ƙyale shi. Idon ke nan, sai dai a wannan sana'a kuɗin da ake zubawa miliyoyin daloli ne, kuskure kuma yana iya cin rai.

A fara da lambun Tivoli na birnin Kopenhagen a ƙasar Danmak, wanda aka buɗe a watan Agusta na 1843 kuma har yau yana aiki. Wanda ya kafa shi, Georg Carstensen, a Aljiyas aka haife shi a 1812, inda mahaifinsa ke aikin jakadanci. Ya yi yawon duniya, ya ga lambunan shaƙatawa na Paris da na Landan, bai kuma ɓoye inda ya samo dabararsa ba: sunan farko da ya raɗa wa wurin ya haɗa Tivoli na Paris da Vauxhall na Landan. Waɗancan biyu sun daɗe da shuɗewa. Na wanda ya koya ne ya rayu, har da jirgin katakonsa na 1914 da ake hawa zuwa yau, mai birki na zaune a tsakiyar fasinja yana rage gudu da hannu.

A 1951 Walt Disney ya shiga wannan lambu tare da abokinsa Art Linkletter, mai gabatar da shirye-shirye a rediyo da talabijin. Linkletter ya ba da labari daga baya cewa Disney ya yi ta rubuce-rubuce a kan kujerun zama da furanni da abinci da sauran ƙananan abubuwan da mai yawon buɗe ido ba ya kulawa da su. Wuraren wasan Amurka na lokacin sun yi ƙaurin suna wajen datti da 'yan damfara, uba kan kai 'ya'yansa ya zauna a benci yana jiran a gama a tafi. A Tivoli Disney ya ga dattijo da jikansa suna jin daɗin wuri ɗaya, ƙasa fes, ma'aikata da fara'a. Bai kwaso injin ko ɗaya daga can ba. Abin da ya tafi da shi a aljihu shi ne hujjar cewa tsabta da shuke-shuke da haske suna jawo mai kuɗi ya daɗe a wuri, wanda ya daɗe kuwa sai ya ci, ya sha, ya sayi tsaraba.

Ƙwarewar ba ta tsaya ga kallo ba, akwai sanin maganar da za a ɗauka da wadda za a bari. A ƙarshen 1953 mutanen Disney suka je taron masu wuraren wasa a Shikago, suka baje taswirar abin da suke shirin ginawa gaban wasu tsofaffin hannu huɗu. Dattawan suka yi mata kaca-kaca. Ƙofar shiga ɗaya tak za ta haddasa cunkoso. Fādar da ke tsakiya ba ta kawo ko sisi. Fili mai yawa ya tafi a furanni. Buɗe wuri shekara cur zai kashe injina. Disney ya ƙi kusan duk shawararsu a kan fasalin wurin, amma bai raina saninsu na aikin yau da kullum ba: ɗan ɗaya daga cikinsu, George Whitney ƙarami, wanda ya tashi a wurin wasan mahaifinsa a San Faransisko, shi aka ɗauka ya kula da tafiyar da lilo da jiragen Disneyland. Aka buɗe ranar 17 ga Yuli, 1955, a Anaheim ta jihar Kalifoniya. Ranar ba ta yi daɗi ba, kwalta ba ta gama bushewa ba, famfunan ruwan sha ba sa aiki, tikitin jabu ya cika wurin. Amma ƙofar nan ɗaya da aka kushe ta zama abin koyi, domin duk mai shiga da mai fita dole ya bi ta titin da shaguna ke jere hagu da dama. Disney bai kuma daina leƙe ba. Kwandunan da ke ɗaukar mutane a kan igiyar sama, na 1956, daga kamfanin Von Roll na Suwizalan suka zo. Jirgin da ke tafiya kan dogo ɗaya, na 1959, a kusa da birnin Kolon na Jamus ya gan shi.

Me mai wannan ido yake ƙirgawa da agogonsa? Layi. Mutum na iya yafe tsadar tikiti, amma ba ya manta ranar da ya tsaya awa biyu a rana don wasan minti biyu. A ɗauka jirgi na cin mutum 24. In ana sallamarsa duk bayan minti biyu, mutum 720 ne a awa. In aka rage rabin minti kacal, sun zama 960, ba tare da an ƙara kujera ko ɗaya ba. Rabin mintin nan ba a cikin inji yake ba. Yana wajen ko masu sauka ta gefe ɗaya suke fita masu hawa na shigowa ta ɗayan, ko an riga an jera mutane bibbiyu a bakin kowace kujera kafin jirgi ya iso, ko ma'aikaci nawa ke duba ƙarfen ɗaure fasinja, ko akwai inda za a ajiye jaka da waya tun daga baya. Shi kansa layin akan lanƙwasa shi ya je ya dawo don kada mai zuwa ya hango tsawonsa ya karaya, a sa masa rumfa, a sa abin kallo. Ba kamfanin da zai rubuto maka waɗannan a takardar ciniki. Sai ka je ka tsaya a layin da ƙafarka.

Ni dai a wannan fage ba wanda ke burge ni kamar iyalan Mack na Jamus. Tun 1780 suke ƙera keken doki a garin Waldkirch, daga baya suka koma ƙera kayan wasa na masu yawo kasuwa-kasuwa. A 1972 Franz Mack da ɗansa Roland suka zagaya wuraren wasan Amurka, suka dawo da niyyar gina nasu, ya zame musu kuma wurin nuna wa masu saye injinansu suna aiki. A Yulin 1975 suka buɗe Europa-Park a ƙauyen Rust, dab da iyakar Faransa. Sun ɗauki dabarar Disney ta raba wuri unguwa-unguwa, amma ba su kwafi unguwanninsa ba. Unguwanninsu ƙasashen Turai ne, Italiya da Faransa da Sifen da Girka, kowace da gininta da abincinta, abin da maƙwabtansu suka sani suke kuma sha'awa. A kakar farko mutum kusan 250,000 suka shiga, yanzu ana maganar wajen miliyan shida a shekara. Abin da ya fi nuna halinsu ya faru a 2002, da suka so jirgi mai tsayin mita 73. Su maƙeran jirage ne, amma suka je suka sayo Silver Star daga Bolliger & Mabillard na Suwizalan, abokan gogayyarsu, suka kafa shi a tsakiyar gidansu inda kowa ke gani.

Wanda ya kwafa ba tare da ya gane ba, labarinsa daban. A 1961 aka buɗe Nara Dreamland a Japan, kusan hoton Disneyland: tashar jirgi a ƙofa, titin shaguna, fāda, har da dutse. Ya ci kasuwa muddin babu na ainihi a kusa. Da aka buɗe Disneyland ta Tokyo a 1983, sannan Universal ta Osaka a 2001, sai jama'a suka janye, aka rufe shi a 2006.

Gwanayen ma in suka daina kallo sai ƙasa ta koya musu. A Afrilun 1992 kamfanin Disney ya buɗe wurinsa a gabashin Paris da lissafin Amurkawa, masu ciye-ciye a tafe duk yini. Turawan nahiyar kuwa lokacin cin rana ɗaya gare su, suna kuma son su zauna. Gidajen abinci suka cushe a awa ɗaya, otal-otal masu tsada suka rasa masu kwana, bashi ya yi katutu. A 1994 sai da aka sake tsarin bashin, Yarima Alwaleed bin Talal na Saudiyya ya sayi kusan kashi ɗaya cikin huɗu na hannun jarin, aka kuma sauya wa wurin suna.

Larabawan Tekun Fasha sun yi karatun a tsanake. Sun ga abin da ake yi a Orlando, sun kuma san zafin ƙasarsu, sai suka sa wa wasan rufi da na'urar sanyi: Ferrari World a Abu Dabi a 2010, IMG Worlds of Adventure a Dubai a 2016. Jirgin Formula Rossa na Ferrari World da ke fita waje yana gudun kilomita 240 a awa, masu hawansa kuwa sai an ba su tabarau saboda yashi da ƙwari. Ɗakin salla yana cikin taswira tun farko.

Mu a nan abin namu bai kai can ba, amma tambayar ɗaya ce. Wanda ya ga yadda Gidan Zoo na Kano ke batsewa da yara a kwanakin Salla, ko wurin wasan da aka buɗe a bakin ƙofar Abuja a 2007 da sunan Wonderland, ko bikin Ya-Fe da ake yi a Yawunde a watan Disamba bayan ruwa ya ɗauke, ya san akwai masu son wasa da kuɗinsu a hannu. Sai dai cinikinmu ba shimfiɗe yake a shekara ba, taruwa yake a 'yan kwanaki, don haka darasin layi da ƙofa ya fi mana amfani a kan darasin tsayin jirgi. Yawunde gari ne na tuddai mai damina biyu, wurin da ba rumfa ba magudana zai yi asarar watanni. Maigida daga Briqueterie ko Tsinga da ya fito da mata da yara goma yana son wurin alwala, da inda iyali za su zauna ba a cakuɗe ba, da abincin da ya yarda da yankansa. Wuta kuma in ta ɗauke lilo na sama, dole a san yadda za a sauko da mutane kafin janareto ya tashi.

Saboda haka ɗan kasuwar Mokolo ta Yawunde da ya saba zuwa Dubai ko Guwanzu saro kaya, in ya yi sha'awar wannan sana'a, tafiyarsa ta fi ta mai yawon buɗe ido wuya. Ƙungiyar masu wuraren wasa ta duniya, IAAPA, tana baje koli a Orlando duk watan Nuwamba, a can ake ganin sababbin injina da farashinsu. Amma mai ƙaramin jari na hannu zai saya, wanda ya riga ya yi shekaru yana juyawa a wata ƙasa, kuma a nan ne ake gane wanda ya iya kallo. Zai nemi izini ya shiga wurin wani da asuba kafin a buɗe ƙofa, ya bi makanike yana duba kusoshi da tayoyi da birki, ya ga ana sakin jirgi ba kowa a ciki kafin a ɗora ɗan mutum. A Jamus masu bincike irin na TÜV ne ke duba waɗannan injina, kowane inji kuma da littafinsa da ake rubuta gyaran da aka yi masa da ranar da aka yi. Zai ce a nuna masa littafin. Zai tambayi wane ƙarfe ne ke saurin cinyewa, kamfanin da ya ƙera shi yana nan ko ya rufe, kwana nawa kayan gyara za su yi kafin su sauka a tashar jiragen ruwa ta Duwala.