“Alhaji, Ka Rame Fa!”



Akwai wata gaisuwa da ta samu gindin zama a unguwar nan, wadda ba ta cikin gaisuwar da iyaye suka koya mana. Mutum ya fito daga masallaci ko yana zaune bakin shagonsa, sai wani ya ja birki, ya ƙare masa kallo daga hula har takalmi, ya ce, “Alhaji, lafiya kuwa? Ka rame fa!” A bainar jama'a ake faɗa, da ɗaga murya. Kafin La'asar magana ta zaga. Majalisar mai shayi ta yanke cewa ciwon zamani ne, 'yan kasuwa sun ce jari ne ya karye, a gidan suna kuma an ce sammu ne, hannun amarya ne. Alhali bawan Allah likita ne ya ce masa sugansa ya hau, ya rage tumbi. Ya ji magana, ya bar lemon kwalba, yana takawa da ƙafa zuwa kasuwa. Wato ranar da mutum ya fara samun sauƙi, ranar unguwa take fara shirin ta'aziyyarsa.

Mun san inda abin ya samo asali, kuma ba za mu ce kakanninmu wawaye ba ne. Su da suka zo ƙasar nan fatauci, da ƙafa suka zo, suna kora jakuna zuwa Keana da Awe ɗaukar gishiri. A zamaninsu duk wanda ka ga ya ajiye teɓa, to ya kai matsayin da wani ke ɗaukar masa kaya. Ƙiba shaidar wadata ce, rama kuwa ta yunwa ce ko ta jinya. Sai kuma kanjamau ta zo ta ƙara wa borno dawaki. Tun da aka ba da sanarwar ɓullarta a Nijeriya a 1986, mu da ke kan wannan hanya ta Makurdi mun ga yadda majiya ƙarfi suka zube suka koma ƙashi da fata, har ake ce wa cutar kabari salamu alaikum. Tsoron nan bai bar zukata ba har yau. Amma duniya ta canza an bar mu a tasha. Yau mai ɗauke da wannan cuta idan yana shan maganinsa kan ƙa'ida, sai ka gan shi ɓul-ɓul, ya fi ka kyan gani. Ma'aunin ido da ake tinƙaho da shi ya daina aiki ta kowace fuska: bai gano mai cutar ba, ya kuma ɓata sunan wanda ba ya da ita.

Wanda ke son ya ga cutar da ke cinye dattawanmu a yanzu, ya leƙa asibiti ranar ganin masu suga da hawan jini. Zai ga layin ba na ramammu kaɗai ba ne. Alhazai ne da hajiyoyi waɗanda shekara da shekaru ake ce musu “hutu ya zauna”. Nawa muka kai makwanci bayan an ce sun yanke jiki sun faɗi a banɗaki? Nawa ke kwance ɓarin jiki ya shanye, ana cewa iska ce ta buge su, ana ta hayaƙi, alhali jini ne ya hau ya yi ɓarna a ƙwaƙwalwa? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 mutum ɗaya cikin kowane takwas a duniya yana fama da ƙibar da ta wuce kima. Ba ciwon Turawa ba ne. Ɗan kasuwar da ke zaune kan benci daga takwas na safe zuwa Magariba, ya karya da shayi mai kauri da biredi, rana ya danna sakwara, dare tuwon shinkafa, daga ƙofar gida zuwa masallacin Juma'a kuma sai a Keke Napep, abincin fatake yake ci amma ba ya tafiyar fatake.

Gaskiya ne akwai ramar da ya kamata ta tayar da hankali. Wanda ke zubewa ba tare da ya canza ci ko sha ba, ga ƙishirwa, ga yawan fitsarin dare, ko ga tarin da ya ƙi jin magani, wannan asibiti ya kamata a kai shi, domin suga kansa yana ramar da mutum, tarin fuka ma haka. Akwai kuma ramar babu. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, gidaje da yawa a nan sun koma ci sau biyu, wasu sau ɗaya. To a nan ne muke tuhumar masu wannan gaisuwa. Idan tausayi ne, ai a keɓe ake tambaya, kuma a bi tambayar da mudun masara ko kuɗin mota zuwa asibiti. Wanda ya tsaya tsakiyar layi ya yi shelar ramarka, ya wuce majalisa ya ɗora, ba lafiyarka ta dame shi ba, labari yake nema. Ayoyi na 11 da 12 na Suratul Hujurat, da suka hana izgili da mugun zato da bin diddigi da yi da mutum, yaran Islamiyya ma sun haddace su. Ba mu ga inda aka togace ramamme ba.

Abin ya fi muni a wajen mata, kuma a nan za mu ɗan daɗe. Yarinya ta yi wata uku a ɗakinta, ta zo gida, ba wanda zai tambayi sallarta ko zaman lafiyarta sai an fara duba kumatu. In ta ciko, “Masha Allah, angon ya iya kiwo.” In tana nan yadda Allah ya halicce ta, sai gwaggo ta kama haɓa: “Ke, ba ya ba ki abinci ne?” Mijin ya shiga uku, uwar mijin ta shiga bakin duniya. Wannan matsin ne ya buɗe kasuwar sha-ka-fashe. 'Yan mata kafin biki, matan aure masu tsoron kishiya, har zawarawa, suna sayen ƙwayoyin a kemis ko hannun dillaliya kamar gyaɗa. Galibi iri biyu ne ake haɗawa. Ɗaya deksametazon, magani mai ƙarfi da likita ke bayarwa don kumburi ko asma, a ƙayyadadden lokaci. Ɗaya kuma siproheptadin, maganin ƙaiƙayi da mura da ke buɗe ciki ya kawo barci. Na farkon, in an daɗe ana sha, fuska ce ke kumbura ta yi zagaye kamar faifai, kitse ya taru a ciki da ƙeya, jiki ya riƙe ruwa, ƙafafu kuwa su sirance. Yana ɗaga suga, yana ɗaga jini, yana cinye ƙarfin ƙashi, yana raunana garkuwar jiki. Mugun abin shi ne wadda ta daɗe a kansa ba ta isa ta yanke shi rana ɗaya ba, sai likita ya riƙa rage mata a hankali, in ba haka ba tana iya faɗuwa. Kumburin cuta ne ake yi wa guɗa. Kuma kada maza su zame su ce maganar mata ce. Wa ke zama a majalisa yana cewa shi ba ya son mace kamar tsinke? Maganar tana isa cikin gida kafin shi ya isa.

Sai wanda ya gyara cin abincinsa, shi ma bai tsira ba. Ka je walima a ajiye maka lemo, ka ce a ba ka ruwa, nan take an sa maka suna: Bature, ɗan iyayi, ko a ce rowa ce ta bi ka har gidan mutane. Wani mai gidan ma fushi zai yi, wai kana zargin an zuba maka wani abu. Mu da ke cikin kasuwa mun san katan nawa na lemo ke fita idan ana biki, da yadda ake sayen dunƙulen ɗanɗano leda-leda. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada babba ya wuce giram 5 na gishiri a yini, wato kamar ƙaramin cokali ɗaya, har da wanda ke cikin dunƙule. Sukari kuma kada ya wuce kamar giram 50, ƙananan cokula 12 ke nan, in an rage ma ya fi. Robar lemo guda ta rabin lita ta kusa cinye wannan kason duka, ba a zo maganar shayin safe ba. Gwamnatin tarayya ma da ta sa harajin naira 10 kan kowace litar lemon zaƙi a dokar kuɗi ta 2021, ba don ƙiyayya da masu biki ta yi ba.

Abin dariyar shi ne abincin da ake wa kallon na boko, namu ne na gado. Kwaɗon zogale da ƙuli, dafaffen wake, fate, miyar kuka da daddawa, tuwon dawa, accar da ake kawo mana daga Filato, ga riɗi da ake loda wa manyan motoci daga jihar nan zuwa ƙasashen waje, mu kuma muna raina shi. Mun mayar da su abincin talaka da majinyaci, har mace na jin kunya baƙo ya tarar da ita tana kwaɗa rama. Kasa ciki gida uku kuwa, na abinci da na ruwa da na numfashi, ba likitan Ingila ya fara faɗa ba. Hadisin Miƙdam bn Ma'adikarib ne da Tirmizi ya ruwaito, kuma duk wanda ya sauke Risala ya same shi a babin ci da sha. Mun karanta a gaban malam, mun fassara da Hausa, amma wanda ya tsame hannu daga akushi bai cika ciki ba sai an tambaye shi ko miyar ce ba ta yi ba.

Ba mu ce masu rage ƙibar duk mala'iku ba ne. Akwai wanda da ya sauke kilo biyar ya zama mai wa'azi, ba ka isa ka ci ƙosai a gabansa ba. Akwai masu shan shayin rage tumbi na talla a waya da na lasifika a tasha, wanda yawancinsa zawo kawai yake sawa. Akwai mai suga da ke ajiye maganin asibiti ya kama azumi ba shawarar likita. Azumin Litinin da Alhamis kuwa ibada ne, kowa ya duba niyyarsa.

Mu dawo kan samarin nan masu ɗaga ƙarfe, waɗanda suka zuba siminti a gwangwanaye suka soka ƙarfe a tsakiya, suke haɗuwa a kango bayan Asuba. Hukuncin unguwa a kansu a shirye yake: 'yan daba ne, ana shirya su ne don bangar siyasa, ba mai ba su 'ya. Mun zauna da wasunsu. Akwai tela a ciki, akwai makanike, akwai ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Lafia, kuma da yawansu a sahun farko muke ganinsu. Yaron da zai ɗaga ƙarfe da sassafe dole ya kwanta da wuri, wanda kuwa ya kwana shan kodin ba ya iya ɗaga ko bokiti. Mun manta 2018, da abin ya kai gwamnati ta hana shigo da maganin tari mai kodin da sarrafa shi? Yaran da suka kama wata hanyar ne muke jifa da sunan waɗancan. Mutanen da ke kunna waƙar Ɗan Anace ta Shago suna jinjina kai, su ne ke cewa ƙarfi iskanci ne. Dambe da kokawa namu ne tun fil azal. Malaman sira sun kawo kokawar Manzon Allah (SAW) da Rukana, Abu Dawud kuma ya ruwaito tserensa da Nana A'isha, ta tsere masa da farko, daga baya da ta yi jiki ya tsere mata. Hadisin falalar mumini mai ƙarfi yana cikin Muslim.

Amma samari, ku ma ku saurara, don ba mu zo shafa muku mai a baki ba. Al'aurar namiji daga cibiya zuwa gwiwa take, a kango ko a TikTok. Tsayawa gaban madubi ana murɗa damtse ana ɗaukar hoto don 'yan mata su yaba, wannan ba motsa jiki ba ne. Babbar damuwarmu ita ce allurai da ƙwayoyin sitiroyid da wasu ke kawo muku a ɓoye don ƙirji ya buɗe cikin wata biyu. Suna lalata hanta, suna kumbura zuciya, suna sa zafin rai, kuma suna rage maniyyi har saurayi ya yi aure haihuwa ta gagara, a ɗora wa matar laifi. Sha-ka-fashen maza ke nan, ba bambanci. Wanda kuma ya karɓi dubu biyar ya tsaya bayan ɗan siyasa yana zare ido, shi ya ba masu zagin ku hujja.

Muna roƙon Mai Unguwa da kwamitin masallaci su dubi abu biyu. A nema wa samarin nan fili a sarari, ba kango ba, da babba ɗaya da zai riƙa leƙa su, bisa sharaɗin riga da wando mai rufe gwiwa, ba allura, kuma a ajiye ƙarfe in an kira salla. Na biyu, muna da 'ya'yan unguwa ma'aikatan jinya. Na'urar awon jini da ta awon suga ba su fi ƙarfin asusun masallaci ba. Ranar 14 ga Nuwamba ita ce ranar ciwon suga ta duniya. A Juma'ar da ta fi kusa da ita a ajiye tebur a harabar masallaci bayan an sallame, a ware wa mata nasu a Islamiyya, a auna mai tumbi da ramamme, kowa a faɗa masa sakamakonsa a kunne.